Hajiya Sa'a, mai koyar da lissafin kasada a Kura

Kowace safiya, kafin injinan casar shinkafa su fara ƙara a Kura, Hajiya Sa'a Sada ta riga ta tsaya bakin titi tana jiran motar Kano. Shekaru masu yawa muna ganinta haka, kuma rabinmu mun ɗauka a banki take ƙirga kuɗi. Ashe a kamfanin takaful take, wato inshorar Musulunci, tana aikin da ake kira akcuwari: auna yawan asara, ciwo da mutuwar da za a iya samu cikin jama'a, don a san abin da za a tanada. Ni da lissafi ba ma ga maciji, amma ko ni na gane aikin ba na wasa ba ne.

Ranar Asabar kuwa zaurenta aji ne. Yaran da suka gama jami'a da digirin lissafi, suna yawo da takardu babu aiki, su take tarawa. Ta shirya su don jarrabawar ƙwarewa, ta nema musu gurbin horo a kamfanoni, wanda ya faɗi ta bi shi har gida ta dawo da shi. Faɗa dai akwai shi, ba ta raga wa malalaci.

Wanda ba na mantawa shi ne Musaddiƙ, ɗan Malam Muhammadu Sani mai Islamiyya a Bunkure. Yaron ya samu gurbin horo, sai mahaifinsa ya ji cewa a aikin ana lissafin mutuwa. Nan take ya ce ɗansa ba zai ci abinci da shiga gaibu ba. Musaddiƙ bai yi musu ba, ya koma gonar albasa, zuciyarsa a karye. Wallahi ya ba ni tausayi, kuma ban ga laifin Malam ba, tsoron Allah ne ya sa shi.

Hajiya ta tafi Bunkure, ta durƙusa ta gai da Malam.

"Allah gafarta Malam, mai rainon tumatir a Kadawa ya san wane tushe tsutsa za ta ci?"

"Bai sani ba."

"Amma yana raino fiye da abin da zai dasa. Iyakar aikinmu ke nan. Ka zo ajina ka saurara. Ranar da ka ji na ambaci ajalin wani, ni da kaina zan rufe zauren."

Malam ya zo. Asabar bayan Asabar yana zaune a baya da carbinsa, yana jiran ya ji an kira sunan mutum. Bai ji ba. Abin da ya ji shi ne yadda za a yi marayu su ci gaba da karatu bayan uba ya rasu. Wata Asabar sai ga shi tare da Musaddiƙ, ya zaunar da shi a gaba, ya juya ya tafi.

Hajiya, ke ce ba ki raina tsoron dattijo ba, ba ki kuma bar yaro ya lalace ba. Uwar masu lissafi, kin yi abin da ya fi ƙarfin gardama.

A watan jiya ta yi ritaya, Musaddiƙ ne ya gaji kujerarta a kamfanin. A wajen walima Malam ya iso a adaidaita, ya dube ta ya ce, "Hajiya, har yanzu ba ki gano ranata ba?"

"Ko tawa ban sani ba, Malam."

"To shi ya sa na ba ki ɗana."

Mun gode, Hajiya Sa'a, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu ilimin da kuka samu wuri a Kano, gidajenku ma suna da zaure. Ku buɗe shi ranar Asabar.