Braimah da Wayar Rufin Motar Alkasim

Da hantsi Malam Braimah yakan fito daga unguwar Park Hill, jakar kayan aiki a kafaɗa, tsani ɗaure a kan tsohuwar motarsa. Ba shi da shago. Wurin aikinsa rufin motocin kwana ne, dogayen motocin nan masu ɗaki da kicin da banɗaki, waɗanda aka ƙera don yawon hutu, wasu mutanenmu kuma suka mayar da su gidaje tun da haya ta gagare su. Mutumin zangon Kumasi ne, ya haura sittin, kuma ya daɗe yana haɗa wayar wuta a Staten Island. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Gwiwa ta ƙi tsani, hannun dama ya fara rawa.

Ka'idarsa ɗaya ce: kowace babbar na'ura da wayarta, da birekarta mai yanke wuta idan nauyi ya yi yawa. Masu gaggawa sukan ce ya cika tsawaita aiki. Ba ya musu, ba ya kuma canzawa.

Aikinsa na ƙarshe a kan rufi shi ne na Alkasim, mutumin Maraɗi da ke sayar da huluna da tabarau a unguwar Stapleton. Alkasim da matarsa Hawawu suna zaune a motar kwana, a wani fili bayan garejin makanikai, inda mai filin ke ba su wuta daga bango. Hawawu na fama da ciwon zuciya, likita kuma ya gargaɗe ta da zafi. Iyakwandishan ɗin motar a gaba yake, gadonta a baya. A watan Yuli, daga azahar ɗakin yakan zama kamar tanda.

Alkasim ya samo wani iyakwandishan na hannu. Shi da abokinsa Ɗanlami suka ɗora shi a kafar iska da ke saman gadon, suka ja siririyar waya daga soket ɗin ɗaki, yadda ake yi a gida. Bireka ta yi ta faɗuwa. Ɗanlami ya tokare ta da tsinke ya naɗe da salatif. Hawawu ce ta fara jin ƙaurin roba, ita ce kuma ta kira Braimah.

Ya zo, ya ɗora bayan yatsunsa a kan silin, ya cire tsinken ya miƙa wa Ɗanlami. Sannan ya yi musu bayani: wutar nan rabin ƙarfin ta gida ce, don haka na'ura sai ta ja ninki, wayar da ta isa a can a nan zafi take ɗauka. Akwatin wutar motar kuma na iyakwandishan ɗaya aka yi shi.

"Baba Braimah, kilim ce fa, ba injin niƙa ba," in ji Alkasim, yana nufin iyakwandishan ɗin. "Da irin wannan waya na ɗaura wa surukina tashi a Maraɗi, har yau tana aiki."

"To ka tuƙa motar zuwa Maraɗi," in ji Braimah.

Daga kan gado Hawawu ta ce wa mijinta, "Malam, ka bar shi ya yi aikinsa. Ni ke kwance a ƙarƙashinta."

Braimah ya zare siririyar wayar, wadda fatarta ta riga ta narke a wuri biyu. Ya bi cikin silin da bayan kabad da waya mai kauri, ya sa mata birekarta, ya fitar da ita ta gefen mota da filoginta na daban. Ya haɗa wa na'urar ɗan akwatin da ke sassauta mata tashi, ya liƙe rufin don kada ruwa ya shiga. Makanikan garejin sun ce sai da suka riƙe masa tsani kafin ya iya saukowa. Alkasim ya yi ta gunagunin cewa an yi wa motarsa wutsiya.

Kai ne ka tsaya a rana a kan rufin da ke ƙona tafin hannu, Malam Braimah, da gwiwar da ka san ba za ta yafe maka ba. Kai ne mai taurin kan da ya hana gobara tashi a saman mace marar lafiya.

A watan Agusta aka sayar da filin, aka ce kowa ya fitar da motarsa. Alkasim ya koma gefen titi, inda babu bangon da zai ba shi wuta. Ƙaramin janareton da Ɗanlami ya ara masa ba zai ɗauki motar gaba ɗaya ba, amma ya ɗauki wutsiyar. Da ita Hawawu ta sami sanyi a sauran kwanakin zafin, idan maƙwabta ba su yi ƙorafin ƙara ba, idan kuma ba ranar sharar titi ba ce, da dole a kashe komai a matsar da mota.

Bai isa ba. A watan Satumba numfashinta ya sarƙe, aka kai ta asibiti, kuma har yau tana can. Likitoci ba su faɗi ranar sallama ba. Alkasim ya ce yakan kunna na'urar a wasu lokuta don ya tabbatar tana aiki. Tana aiki.

Na tambayi Braimah ko yana ganin wahalarsa ta tafi a banza. Ya ce shi waya ya iya, bai iya fili ba, bai iya zuciya ba. Abin da ke damunsa hunturu ne, lokacin da kowa zai sayo hita ya cusa a soket, kuma tsinke bai ƙare a gari ba. Bai bar wanda ya koya wa aikin ba. Waɗanda suka fara sun koma tuƙin tasi.

Mun gode, Malam Braimah. Allah ya saka maka, ya ba Hawawu lafiya. Duk mai hannu biyu da haƙuri, ya je Park Hill kafin wata ya ƙare, ya tsaya kusa da mutumin nan ya koya. Ya ce zai ba da tsaninsa ga wanda ya zo. Jiya na wuce ta layinsu, tsanin yana nan ɗaure a kan motar.