Gwaggo Tabarau da Littafin Hamma

Gwaggo Tabarau ƙanwar babana ce. Shekara ashirin da huɗu ta yi tana aiki a masana'antar ɗinka rigunan makaranta, yawancinsu a kan keken ɗinki na uku daga ƙofa, kusa da wata taga da ba ta rufuwa. Tabarau ɗin da ya jawo mata sunan mai kauri ne, hannunsa ɗaya ya karye ta ɗaure da baƙin zare. Duk ranar da ka buɗe jakarta abu uku za ka gani: almakashi, kwanon abincin rana, da littafi. Littafin kuwa kullum na ban dariya ne.

A aji biyu na sakandare karatunta ya tsaya. Amma kakanmu masinja ne a wani ofis, duk littafin da aka yar sai ya kwaso ya kawo gida. Gwaggo ta karance su tas, ta raba su gida biyu. Masu sa kuka ta bai wa maƙwabta, masu sa dariya ta riƙe.

"Kuka ai har gida yake zuwa ya same ni," in ji ta. "Me zai sa in je nemansa a takarda?"

A masana'anta rabin awa ake ba su su ci abinci. Ita tana ci tana karatu. Wata rana dariya ta sarƙe ta har sai da ƙawarta Mai Maɓalli, wadda ke ɗora wa riguna maɓalli, ta bubbuga mata baya.

"Ke dai kin cika rowa," in ji Mai Maɓalli. "Kullum ke kaɗai kike dariyarki. Karanta mu ji mana."

Daga nan aka fara. Gwaggo ta iya sauya murya: ta yi ta tsoho, ta yi ta alƙali, ta yi ta matar da ke kai ƙarar zakaran maƙwabci. Ta karanta musu wani sabon littafi na mutumin da ya yi ƙaryar ya iya tuƙi aka ɗauke shi direban babban mutum. Mata kusan talatin suka riƙa jawo benci suna kewaye ta, wasu har abincinsu ya huce.

Sai ta kawo wani tsohon littafi, wanda ta fi so, bangonsa ya tafi, takardunsa sun yi ja. Labarin wani shugaban gari ne da ya kafa dokar hana hamma a gabansa sai da takardar izini. Ya naɗa ma'aikaci na musamman mai ƙirga hammar jama'a, shi kuma ma'aikacin da ya ga an buɗe baki sai tasa ta taso.

To a lokacin an kawo musu sabon mai duba aiki. Matan suna kiransa Mai Agogo, don idan mace ta tafi banɗaki sai ya ɗaga hannu ya kalli agogo har ta dawo. Ba Gwaggo ta tsara abin da ya biyo baya ba, ta sha rantse mini. Ranar dai ya shigo yana zagaya layi, sai Mai Maɓalli ta saki wata doguwar hamma. Ta bayanta ta karɓa. Kafin ya kai ƙarshen layi ɗakin duk ya ɗauka, wasu hawaye na zuba saboda danne dariya. Kwana uku ana haka. A na huɗu wani ya kai masa labarin inda abin ya samo asali.

Ya zo lokacin hutu, ya miƙa hannu ta saman kanta ya fizge littafin.

Gwaggo ta rufe kwanonta, ta goge hannu, ta bi shi har ofishin manaja ba tare da an kira ta ba.

"Ranka ya daɗe, wannan matar ce ke tara ma'aikata tana zagina," in ji Mai Agogo. "Ga shaida."

Manaja ya juya littafin. "Baiwar Allah, me ya kawo haka?"

"Yallaɓai, buɗe shafin farko ka duba shekarar da aka buga shi."

Ya duba.

"A lokacin ko babansa bai yi aure ba," in ji Gwaggo. "Wanda ya rubuta ya rasu tun ina goye. Bai san shi ba, bai san ni ba. In ya leƙa ciki ya ga kansa, ni ina ruwana?"

"Ka ji ko? A gabanka ma!" in ji Mai Agogo.

Manaja bai yi dariya ba. Ya ce daga yau ba karatu a cikin masana'anta, kuma ta rubuta takardar ban haƙuri. In ba ta rubuta ba, ta bar keke ta koma ɗakin guga.

"Awa takwas na sayar muku," in ji ta. "Rabin awan nan nawa ne. Ba ni littafina."

Ba a ba ta ba. Washegari ta koma ɗakin guga.

Ɗakin ƙarami ne, ba taga, dutsen guga huɗu suna huci tun safe. A tsaye ake yini. Ita da ta saba zama, a satin farko ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Babana ya je gidanta ya same ta ta tsoma su cikin ruwan ɗumi.

"Haba ƙanwata, layi biyu ne fa. Ki rubuta a wuce wurin."

"Yaya, in rubuta in ce me? Ku yafe mini na iya karatu?"

"Za ki kashe kanki a kan tatsuniya."

"To ka tanadi abin da za ka faɗa a kaina. Ka dai sa ya zama da ɗan ban dariya."

Babana ya tashi ya tafi yana faɗa shi kaɗai.

An ce ba karatu a ciki, ba a ce komai game da waje ba. Da hutu ya yi sai ta ɗauki kwanonta ta fita ƙofar masana'anta, ta zauna a kan wani bulo a gindin katanga, ta buɗe wani littafin. Ranar farko mutum biyu suka biyo ta. Sauran suna tsoro, kuma ba ta ga laifinsu ba, kowa da bakunan da take ciyarwa. Bayan wata guda sun kai goma sha biyar, har da maigadi, wanda yake juya musu baya kamar yana kallon titi, kafaɗunsa suna rawa. Labarin hamma kuwa, tunda littafin yana hannun manaja, da ka ta ƙarasa musu shi.

Sau biyu ana aiko mata cewa kekenta yana nan in ta rubuta takardar. Sau biyu tana cewa a gaishe da manaja. Mai Agogo ya yi shekara biyu aka mayar da shi wani reshe. Wanda ya gaje shi bai san tarihin ba, ita kuma ba ta je roƙo ba. Shekara shida ta yi tana guga har ta yi ritaya, da tabon ƙuna uku a hannun dama da ciwon gwiwa da bai rabu da ita ba har yau.

Yanzu tana zaune a gidan babban ɗanta, a ɗakin da ke kusa da kicin. Ranar Asabar da ta wuce na kai mata wani sabon littafi da ake ta yabo, kowa na cewa ya yi dariya har cikinsa ya ƙulle. Da na koma ranar Talata na tarar ta ajiye shi a bakin ƙofa.

"Gwaggo, bai yi daɗi ba ne?"

"Ya iya zance, ban hana shi ba. Amma matsoraci ne. Shafi ɗari biyu, daga mai shara sai gurgu sai baƙauye yake yi wa dariya. Ko mutum ɗaya mai kujera bai taɓa ba. Ɗauke shi."

"To wanne zan kawo miki?"

"Ka je wurin mai littattafan nan na bakin tasha, ka ce ni na aiko ka. Ka zauna ka karanta shafi goma tukuna. In tsoro bai sa ka waiga ka ga ko wani na kallonka ba, kada ka kawo mini."

Surukarta ta leƙo ta ce abinci ya sauka. Gwaggo ta dafa kafaɗata ta miƙe, muka fita tsakar gida.