Yadda Na Sayar da Turakun Kamfanin Man Gyaɗa

Kafin sunana ya shiga littafin 'yan sanda, ni yaron kirki ne, ko kuma kusan haka. Ɗan Kunduru ne ni, autan Inna, ina aji biyar a sakandare. Aibina ɗaya, baki. Da kujeru na fara: na sayar wa 'yan aji ɗaya wurin zaman da makaranta ta ba su kyauta. Aka yi dariya, ni kuwa na ɗauka yabo ne.

Ana nan sai ga baƙi daga ƙasar waje, suna neman inda za su kafa kamfanin matsar man gyaɗa. 'Yan Cana muke ce musu, sai daga baya na ji ashe 'yan Indiya ne. Wuri biyu suke dubawa, filin bayan garinmu da wani a garin Ƙofa ta Kusada. Inna ta fi kowa ɗoki, domin Yaya Sanusi ya shekara huɗu yana acaɓa a Legas, kuma ya yi mata alkawari in aka kafa kamfani a garinmu zai sayar da babur ya dawo gida.

Oga Sande, mai awon filaye, mutumin kudu ne da ya fi ni iya Katsinanci. Shi ya zagaye filin da turaku masu jan fenti, kowane da lambarsa. Ina ganin lambobin nan sheɗan ya zauna a kafaɗata ya miƙe ƙafa. Na raɗa wa mutum biyu a majalisar mai shayi cewa lambobin ma'aikata ne, duk mai turke a hannu ya sami aiki. Kafin la'asar labarin ya dawo mini da ƙari, har da albashi da babur.

Na riƙa tuge su da rana tsaka, lokacin da kowa ke neman inuwa, ina sayarwa. Wani ya ba ni zabuwa, wani kwanon gero. Na ci ƙwai har na fara jin kunyar haɗa ido da kaji. Amma akwai abin da ɗan Kunduru ba ya iyawa, wato ya ga rami gab da damina ya wuce. Aljihuna kullum da ɗanyar gyaɗa, irin shukar Babana da nake ɗiba. Duk turken da na cire sai in jefa ƙwaya biyu a ramin in take da diddige, yadda muke binne kafin ruwa ya sauka. Ban ma san ina yi ba.

Baba Ɗanjuma, wani dattijon garinmu, shi ne ya tona ni. Ranar kasuwar Kankiya ya ɗaure akuyarsa a jikin nasa turken. Oga Sande ya tsaya ya ce, “Baba, mi lamba sha bakwai take yi a nan?”

“Aikina ne,” in ji shi. “Ni ne mai gadin ƙofa.”

Kafin magariba ina bayan kanta. Alƙali ya sa a tsare ni har a gama bincike. Sauron wurin nan sai da suka yi layi kafin kowa ya sami wurin cizo. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya karya ni zuwan Inna. Ta gaya mini baƙin sun ɗauka masu gonaki ne suka tuge turakun don ba a son su, sun ce labarin yaro rufa-rufa ce kawai, kuma ranar Litinin ta sama za su koma Ƙofa. Ba ta zage ni ba. Ta ajiye kwanon tuwo ta ce, “Auta, kai za ka gaya wa yayanka, ni ba ni iyawa.”

A makon nan aka yi ruwan farko, na shuka. Kwana shida ina jin ƙamshin ƙasa ta taga, sai na tuna diddigena. Na roƙi a kira mini Oga Sande. Ya saurare ni, ya ce in wannan ma ƙarya ce da kansa zai kafa ni a madadin turke.

Aka kai ni filin da ɗan sanda a gefe, ga dagaci, ga babban baƙin da tafintansa, ga rabin gari. Na nuna musu tsiro biyu na gyaɗa a tsakiyar faƙo, na ce nan ne lamba ɗaya. Oga Sande ya ɗora na'urarsa, ta yi daidai. Na biyu ma haka. Muka zagaye filin kaf, gyaɗa na jan gaba, ba mu rasa rami ko ɗaya ba. Baƙon ya durƙusa ya taɓa ganyen, ya yi dariya har da tari. Tafinta ya ce wai cewa ya yi, garin da ɓarawonsa ma shuka yake yi, ba a barin sa.

An sake ni bayan na sha bulala ta kotu da ta Baba, ta Baba ta fi. Na bi gida gida na nemi gafara, na yi wa kowa noma a madadin abin da na ci. Yau injin na ruri a bayan gari, mata na tsintar gyaɗa, Yaya Sanusi na tuƙa motar kamfani. Baba Ɗanjuma kuwa shi ne mai gadi da gaske, kuma har gobe cewa yake turkensa ne ya yi aiki.

'Yan uwana matasa, na tuba, kuma ku ji ni da kyau. In baƙo ya zo da aiki garinku, kada ku taɓa ko tsinkensa. Abin da na ɗauka wasa ne ya kusa barin yayana a Legas da mutum ɗari a bakin titi. Ni gyaɗa ta yi belina. Ku ban san abin da ke aljihunku ba.