Hankicin da Inna Ta Ɗinka Mini

Ranar wata Asabar da hantsi, cikin watan Rajab na 1965, muna aji biyu a makarantar 'yan mata da ke kusa da titin Mansur a Makka, hankicina ya faɗi a gaban malamarmu, Abla Su'ad. Ta ɗauka, ta juya bayansa, ta daɗe tana kallon jajayen furannin da ke bakinsa. Wata yarinya a bayana ta ce, "Salib ne, Abla, duba ƙananan gicciye." Abla ta juyo wajena. Ni ta ce wa, "Gobe ki zo da mahaifiyarki."

Inna ce ta yi ɗinkin. Tana yarinya, mahaifinta na fataucin goro a Kudu, ta yi shekara uku a makarantar da wata Baturiya 'yar mishan ɗin Metodis ta buɗe wa 'yan mata. Matar ta baro ƙasarsu, ta fara da ɗalibai kaɗan a ƙarƙashin rumfa, can ta tsufa. Inna ba ta taɓa barin sallarta ba, amma ta fito da karatun boko da wannan ɗinki, wanda zare ke gitta zare. Ko maƙwabtanmu ba su san labarin ba. A Makka, kalmar mishan kaɗai ta isa a kore ni daga aji, ta isa a fara tambayar yadda muka shigo ta Sudan.

Baba ya rufe teburin shayinsa tun la'asar, ya dawo gida. Inna ta tattaro rigunan filo da mayafin tire da hular ƙanena, ta sa reza tana farke su ɗaya bayan ɗaya, ni ina tsince jan zaren ina zubawa a kurfoti. "Abin da ido bai gani ba, baki ba ya faɗa," in ji ta.

Washegari Abla ta tarbe mu a ƙofar aji, ta kama hannun Inna. Ashe Bafalasɗiniya ce, kuma irin wannan ɗinkin ne a ƙirjin rigar mahaifiyarta, rigar da suka baro a ƙauyensu. Ta ce wa Inna cikin girmamawa irin ta Larabawa, "Ya khala, me kuma kike da shi a gida? Ina so in gani." Inna ta ce babu.

Yau jikokina suna sayen irinsa a shagunan unguwar Rusaifa, na inji, ba mai juya bayansa. Na gama makarantar lafiya. Inna ba ta ƙara yin wannan ɗinki ba har ta rasu, hankicin kuma yana wurin Abla.