Kurɓin Farko na Abarci Mai Shayi

Duk wanda ya taɓa sayen akuya ko saniya a karar Dakoro ya san rumfar Abarci mai shayi. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ce Azumi mai masa, tandata na nan jikin rumfar tashi, kuma in kun ji an ce akwai wata mafaɗaciya a wurin, to ba sharri aka yi mani ba.

Innarmu ta binne 'ya'ya da dama kafin a haife shi, shi ya sa ta ɗauki son duniya ta ɗora mashi. Kununshi sai da sukari, furarshi sai da sukari, in ya yi kuka a ɗebo a hannu a zuba mashi a baki. Ni da na zo bayanshi ko lasa ban samu ba, amma a bar wannan maganar. Da ya zama saurayi, wata shekara gero ya ƙi, sai ya bi wani Buzu arewa wajen Tagriss yana yi mashi kiwon raƙuma. Ya daɗe can. Bai dawo da raƙumi ko ɗaya ba. Abin da ya dawo da shi ƴar buta ce shuɗiya, da finjalai, da hannun shayi irin wanda ba a taɓa gani ba a garin nan.

Wallahi ba don yayana ne ba, Yaya ya iya shayi. Sai ya ɗaga buta har saman rawaninshi ya saki, shayin ya sauko siriri cikin finjali ko ɗigo bai fita ba, kumfa ta taso rabin finjalin. Da wannan butar ya yi aure, da ita ya gina ɗaki biyu, da ita ya aurar da ɗiyanshi mata.

Ga yadda aikin yake. In ciniki ya faɗa a kara, mai saye da mai sayarwa da dillali sai su zo rumfarshi a sha shayi a kai. Makiyaya kuwa ba su kai bakinsu ga abin da mai shi bai fara sha ba, don an sha jin labarin waɗanda aka sa ma wani abu cikin abin sha a wasu kasuwanni, suka farka ba dabba ba komai. Saboda haka kowace buta ta nuna, Yaya zai zuba ya kurɓa a gaban kowa, ya haɗiye, sannan ya miƙa ma baƙi. Na fari, na biyu, na uku, duk sai ya kurɓa. Ku lissafa da kanku, tun hantsi har la'asar, ga shi shayin nashi in ya ɗiga a yatsa har danƙo yake.

Sai dai Yaya akwai baki. Akwai wani mahauci, Halidu, mutumin kirki, ya zo wata rana ya ce a hankali a rage mashi sukari, lokotoron asibiti ya hana shi. Yaya ya ɗaga murya yadda har masu awaki za su ji.

"Jama'a, ku matsa ma mai jego! A kawo mata ruwan zafi!"

Rumfa ta kwashe da dariya. Sunan ya bi Halidu, yara da manya, Mai Jego, Mai Jego. A garin nan ana cewa wai ciwon sukari yana kashe ma namiji ƙarfi a gidanshi, to kun ga inda zolayar ta dosa. Halidu ya daina zuwa rumfar. Har Allah ya karɓi ranshi sunan bai sake shi ba.

Ni na fara ganin abin a jikin Yaya. Ƙishirwa ta sa shi gaba, ya sha ruwa kamar raƙumin da ya dawo daga nisa, kafin ka ce me ya ɗauki butar tsarki ya zaga bayan zana. Ya dawo, ya sake komawa. Riga ta fara yi mashi yawa. Shi da ba ya ɓarar da ɗigo, sai ga shi yana rage tsawon zubin yana ƙanƙance ido. Rannan na zaga bayan zanan zan zubar da ruwan wanke-wanke, sai na ga kiyashi baƙi ƙirin sun rufe daidai inda yake tsugunnawa. Na kuwa san abin da kiyashi ke bi.

Da faɗa da rantsuwa na ja shi likita, wato asibitin gari. Majar, wato babban mai jinya na wurin, ya soki yatsanshi ya ɗiga jinin kan ƴar na'ura, ya duba, ya sake duban Yaya.

"Baba, sukari ne, kuma ya hau ƙwarai. Ga magani. Shayi mai sukari kun rabu daga yau. Ka riƙa sa takalmi rufaffe, kullum ka duba ƙafafunka, don ciwon nan yana kashe jin ƙafa, sai ka ji rauni ba ka sani ba."

Da muka fito, Yaya ya tsaya gindin wani itacen bedi ya kama mani hannu. Ban taɓa ganin idonshi haka ba.

"Azumi, ki rantse mani ba mai ji. Ko a kara, ko a gida, ban da Fadimata."

Fadimata matarshi ce. Na ce, "Yaya, ciwo ne fa, ba sata ka yi ba."

"Ni da na sa ma Halidu suna? Da wane ido zan dubi mutane? Ki rantse."

Na rantse. Yayana ne, ga shi a bakin hanya, hawaye na neman zubo mashi.

Sai ya samo dabara. Ya kurɓa a gaban baƙi, ya riƙe a baki, ya juya kamar zai gyara gawayi, ya ɗan sassauta rawani ya tofar cikin wani gwangwani da ya ɓoye bayan buhu. Abin ya tafi daidai na wani lokaci. Yana shan magani, jiki ya fara dawowa, zaga bayan zana ya ragu. Har na fara cewa Alhamdu lillahi.

Ranar da abin ya lalace, Intalla ne ya zo. Intalla ɗan Buzun nan ne da Yaya ya yi ma kiwo, tare suka yi kiwo a daji, abokai ne na gaske. Ya zo da wasu danginshi da ba su taɓa shiga kasuwar Dakoro ba, sun sayar da raƙuma, ya kawo su wurin amininshi yana ta yabon shayin. Yaya ya kurɓa, ya miƙa masu, ya juya. Ɗaya daga cikin baƙin yana zaune ta gefe, ya ga komai. Ya aje finjalinshi a ƙasa, ya faɗi wata magana da Buzanci. Sauran duk suka aje nasu. Intalla ya miƙa hannu bayan buhu ya jawo gwangwanin, ya leƙa.

"Abarci," in ji shi, muryarshi ƙasa ƙasa, "me ka sa a ciki da kai ba ka iya haɗiyewa?"

Ni ina tsaye da cokalin masa a hannu, masar na ƙonewa, cikin raina ina cewa faɗa mashi, don Allah faɗa mashi, kalma ɗaya ce. Yaya ya ɗaga kai ya duba. Dillalai na nan, masu awaki na nan, duk waɗanda suka yi ma Halidu dariya suna nan sun zuba mashi ido. Sai ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba.

"Haba Intalla! Ƙuda ne ya faɗa mani a baki."

Ya ɗauki finjalin baƙon ya shanye. Ya ɗauki na kusa da shi ya shanye. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya har na Intalla, ya kife su a kan faranti. Intalla ya ji kunya, ya ba shi haƙuri, aka ɗora wata buta. Ni kuwa na juya baya don kada a ga fuskata.

Daga ranar gwangwani ya tafi. Kowane kurɓi sai ya haɗiye, har da ƙari, yana ɗaga finjalin sama don kowa ya shaida. Karɓo magani ma ya daina, wai kada a gan shi yana sintiri a likita. Na same shi gida na yi mashi tatas.

"Yaya, kashe kanka za ka yi saboda bakin dillalai? Su da ko kunu ba za su dama maka ba in ka kwanta?"

"Ke mace ce, ba ki gane ba."

"Na gane sarai! Kunyar mutane ta fi maka ƙafarka."

Ya ce in fita mashi daga gida. Na fita, washegari kuma na dawo na hura wutata kusa da tashi, don ina zan je?

Bayan damina ta wuce, wata ranar kasuwa na ji ƙauri. Na duba tandata, ba masa ba ce. Na waiga, sai ga garwashi ja zur zaune tsakanin yatsun ƙafar Yaya ta hagu, shi kuwa yana ta zuba shayi yana ba wani labari. Ko gezau. Na yi ihu na kaɗe shi da cokali. Ya dubi ƙafar kamar ta wani ce.

Ya shafa man shanu ya ɗaure da tsumma, ya ce ƙuna ce, kwana biyu ta warke. Ba ta warke ba. Yatsun suka yi baƙi, ƙafa ta kumbura, har ta kai Fadimata na turara ɗaki kafin baƙo ya shiga. Sai da zazzaɓi ya kayar da shi ya daina gane mutane sannan muka samu muka sa shi mota zuwa Maradi. Can aka yanke ta, ƙasa da gwiwa kaɗan. Lokotoron da ya sallame mu bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ƙafar daman ma jinta ya fara tafiya, idanun ma haka, in bai bar sukari ba za mu sake dawowa.

Muka dawo gida, masu gaisuwa suka yi ta zuwa. Kowa ya tambaya sai Yaya ya ce ƙuna ce ta ruɓe. To me ake kai ma mai shayi in ya kwanta? Ganye da sukari. Wannan ya kawo ƙulli, wancan ya kawo kwali, har kusurwar ɗaki ta cika. Fadimata ta rufe tulin kayan da tabarma. Ni in na dube shi sai in ji kamar in ɗebe in watsa a titi, amma rantsuwa ta ɗaure mani baki.

Labari ya kai Tagriss, Intalla ya zo. Da hantsi ya iso, ya zauna bakin tabarmar Yaya a ƙofar ɗaki, yana kallon inda zane ya kwanta ba komai a ƙarƙashinshi. Can ya kwance jakarshi ya fiddo butarshi da finjalai.

"Kullum kai ke yi mani. Yau ni zan yi maka."

Ya hura gawayi da kanshi. Da ganye ya tafasa ya ɗebi sukari ya zuba, ya dubi Yaya ya yi murmushi, ya ƙara, don ya san yadda abokinshi ke so. Ya juya, ya juya, kumfa ta taso. Ya kurɓa, ya haɗiye, ya cika finjali ya miƙa mashi da hannu biyu.

Ina tsaye jikin ƙyaure, Fadimata na bayana ta riƙe mani zane. Yaya ya karɓa. Ya kai shi har kusa da leɓe. Sai ya sunkuyar da kai ya dubi ƙafarshi ta dama da ke miƙe a kan tabarma ita kaɗai. Ya aje finjalin a ƙasa.

"Intalla, ba ni iya sha. Ciwon sukari gare ni. Shi ya ci ƙafar, ba wuta ba."

Intalla ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun kafin ranar da ka ga gwangwani."

Na ga lokacin da maganar ta isa ga Intalla. Ya sa hannu ya ja rawaninshi sama har ya kusa rufe idanu. Da ya yi magana muryar ba tashi ba ce.

"Ashe ni na ɗura maka. A gaban mutane."

"Ba kai ba ne. Tsoro na ji kada a ce mani Mai Jego." Yaya ya share fuska da hannun riga. Bai dube ni ba ya ce, "Azumi, na kwance maki rantsuwarki. Ki faɗa ma mutanen kara. Amma ki fara biyawa gidan Halidu, ki ce ma iyalinshi ina neman gafara."

Intalla ya ɗauki finjalin ya juye a ƙasa, ya ɗauki butar ya tuntsurar da ita duka gefen tabarma, ya nemi ruwa zai ɗora wani ganyen ba sukari. Kafin ya gama wanke butar kiyashi sun fara taruwa inda shayin ya zuba. Yaya ya dube su. Ya sa hannu biyu ya janye ƙafarshi guda ɗayan, ya naɗe ta cikin zane.