Rashin Nafi'u Mai Gem na Ƙaura

Daga Allah muke, gare Shi kuma komawarmu take. Nafi'u, ranar Alhamis, 14 ga Agusta, 2025, bayan La'asar, Sagir ƙaninka ya kira ni ya ce, "Mahmud, Nafi'u ya rasu." Na ce wane Nafi'u? Da safen ranar ka wuce ni a tasha, kana cin gyaɗa, ka ce Shinkafi za ka sayo kayan gyaran waya. A hanyar dawowa tayar motarku ta fashe. Har aka sa ka a makwancinka ban yarda ba.

Mutanen Ƙaura sun san ka da gyaran waya da ɗakin gem, inda ake wasan talabijin. Ni abin da na san ka da shi daban ne. Shekarar da injin sussukar gero ya cinye mini hannun hagu a Birnin Tsaba, na dawo gida na rufe kaina a ɗaki, ba na son ganin kowa. Sai ga ka da talabijin da na'urar wasa. Na nuna maka dungulmin, na ce ka mai da kayanka. Ka ce, "Mi ya hana? Kai dai riƙe jagora, sauran ukun ni ka koya musu aiki."

Wasan na mayaƙa huɗu ne masu tafiya tare, mai hannu biyu ke iya juya su duka. Ka zauna kan tabarma kana saita wa kowannensu umarnin da zai bi da kansa. Idan jinin wani ya yi ƙasa da rabi, mai magani ta ba shi magani. Idan wani ya faɗi, a tashe shi tukuna. Maharbi kuwa ya harbi duk wanda nake sara. Gwajin farko ka ɗora umarnin faɗa sama da na jinya, sai mai maganin ta yi ta dukan dodo da sanda muna mutuwa a gefenta. Ranar na fara dariya tun barina asibiti. Ka gyara jerin, ka dawo da madannan duka ɓangaren dama, muka ci dodon. Da muka gama ka ce, "Gobe a shago za mu ci gaba, na gaji da ɗauko talabijin." Haka ka fitar da ni cikin mutane.

Jiya na bi ta shagon, yana kulle. Wata tsohuwa daga Zurmi na zaune a bakin ƙofa tana jiran ka zo ka ba ta wayarta. Na kasa faɗa mata, sai maƙwabcinka ya faɗa.

Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifinka Malam Hammadu, da matarka Zulaihat, da 'yarka Gimbiya wadda ko yaye ba a yi mata ba. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya ta cikin albarka. Allah Ya gafarta maka, Nafi'u, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Mu kuma Ya kyautata namu zuwan. Amin.