Turmin Yaya Sule

Ku da kuka san yayana Sule a Madabo, kun san ba a wuce ƙofar gidansa salin alin. Sai ya tare mutum, ya nuna tsohon turmin da ya kife a gindin bango, ya ce, "Hau ka leƙa." Ka hau, ka yi ɗage har idonka ya kai bakin taga. "Me ka gani?" Ka ce azara. Sai ya tafa hannu: "Yauwa! Haske, bismilla. Ido, a gaida gida!"

Da zai gyara gidan, wai gidan zamani yake so, can kusa da rufi ya sa aka fasa tagogi, ga bango mai kauri, ciki ya sha farar ƙasa. Magini ya ce, "Alhaji, ai wannan tagar tantabaru ce." Yaya ya ce, "Ka taɓa jin tantabara ta kai gulmar matan gida kasuwa?"

Ni kuwa da mijina ya rasu na dawo wurinsa, ko kananzir na nema sai ya ce, "Ke Hajara, Allah ya kunna miki fitila kyauta tun hantsi, me ya hana ki gama ɗinkin?" Maƙo kai! Har mai unguwa sai da ya hau turmin nan, rawani ya faɗo. Daga baya mutane suka koma zagayawa ta wani lungu.

Shekarar rikicin nan, gab da yaƙin basasa, Yaya ya ɗauko wani kafinta Ibo daga Sabon Gari, Emeka, ya sa wa tagogin gilashi. Yana cikin aiki gari ya rikice, ana farautar mutanensu. Yaya, wanda ko liman ba ya wuce zaurensa, ya ja Emeka har ɗakina, ya zaunar da shi daidai ƙarƙashin taga.

Na ce, "Yaya, ɗakin da ke bakin hanya?"

"Shi na fi yarda da shi. Rufe bakinki."

Bayan azahar sai ga samari da sanduna da adduna. Ina jin wata baƙuwar murya tana cewa, "Baba, an ga keken kafintan nan a ƙofarka."

Yaya ya ce, "Namiji a cikin gidana? Tambayi yaran unguwa. Amma ga turmi, hau ka leƙa."

Wani ya ce, "Kai, kar ka biye masa, sai mu kai magariba a nan!"

Mai baƙuwar muryar nan dai ya hau. Na ga inuwar kansa ta yanke hasken da ke jikin bango. Emeka ya toshe bakinsa da hannu biyu, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Tsakanin kansa da idon mutumin nan bai fi kamu uku ba. Ni ko salati na kasa ƙarasawa.

"Me ka gani?"

Ya ce, "Azara."

"Madalla! To sauko in nuna maka tagar baya. Ka san amfanin farar ƙasa kuwa? Ku zauna, ku zauna duka, daga tushen gini zan faro."

Jama'a, kafin ya kai ga bayanin bulo, lungun ya zama wayam.

Yaya ya shigo, ya zauna a ƙasa. Na miƙa masa ruwa, ya sha. Karon farko ke nan da aka sauka daga turmin bai faɗi maganar nan tasa ba. Sai Emeka ya ɗago kai, da gurguwar Hausarsa ya raɗa, "Ido, a gaida gida." Muka yi ta dariya marar sauti, hawaye na zuba. Da ƙura ta lafa Yaya ya raka shi tasha da kansa.

Turmin yana nan har yau, na hana a ɗauke. Ina kewar Yaya ƙwarai. Ya Allah, ɗakin da yake ciki yanzu ba shi da taga. Ka haskaka masa shi, ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa bawanka. Amin.